Na canza masta a J5 ɗin mahaifina, amma har yanzu birki ba ya kamawa sai na famfa sau biyu

Ɗan Kura:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci, musamman masu J5, don yau kwana huɗu ke nan abin nan ya tsaya mini a rai.

Motar ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Peugeot J5 ce ƙirar 1989 mai shan fetur, injinta irin na 504. Da ita ya yi ta jigilar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa 'Yankaba, wani zubin har Kudu, da ita aka ci da mu aka sa mu a makaranta. Tun da ciwo ya kwantar da shi ta tsaya, ta shekara uku a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Da aka zo rabon gado wasu suka ce a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su auna ta, na ce a'a, a yi mata kuɗi a sa a cikin rabona. Burina in tashe ta kafin tumatirin rani ya sauka, ƙanina ya riƙa ja, mu samu na cefane.

Inji bai ba mu wahala ba. Sabon batir, aka wanke tanki da kafireto, ta tashi. Birki ne ya zama aiki. Ranar farko da na taka, feda ta tafi ƙasa kamar na taka auduga. Na buɗe gaba na ciro safayar tayar da ke zaune a wurin don in ga hanya, na tarar robar man birki wayam, sai wani baƙin guntu a gindinta kamar ragowar shayi. Na cika, muka famfa, na leƙa bayan tayu huɗun ban ga inda yake zuba ba, amma washegari man ya ragu sosai. Sai na kwance notin nan biyu da suka riƙe masta, wato silindar da ke tura man birki zuwa tayu, a jikin sarbo, gangar nan da ke ƙara wa takun ƙafa ƙarfi, na ɗan jawo mastan gaba. Bayansa jage-jage, fentin sarbon ya kumbura ya saɓule, da na zura sirinji ciki na zuƙo mai ya kai rabin kofin shayi. A nan na gane man cikin sarbo yake tafiya.

Na ɗauki tsohon mastan na tafi da shi Ƙofar Ruwa, muka jera shi da sabo a kan kanta, muka gwada ramukan fayif da zarensu da tazarar noti, komai ya yi daidai. Ranar Asabar na ɗaura. Na sa jak na ɗaga bayan motar, na tokare jikinta da kututture, na cire tayun baya aksul ɗin yana reto. Ƙanina yana ciki, ni ina ƙasa: famfa, famfa, riƙe, in buɗe notin fitar da iska in rufe, in ce saki. Na fara da bayan dama, sai bayan hagu, sannan gaban dama da gaban hagu, kamar yadda na sha gani ana yi. A gaba mai yana fitowa da ƙarfi. A baya kuwa ɗis, ɗis kawai. Haka muka ƙarar da kwalba biyu ta man birki DOT 3.

Halin da ake ciki yanzu: takun farko feda tana kusan taɓa ƙasa, na biyu ta kama a tsakiya, na uku ta yi tauri. In na riƙe ta a haka da ƙarfi har minti guda ba ta sauka ko kaɗan. In na saki na jira kaɗan na sake takawa, sai ta koma gidan jiya.

Wani ya ce sabon mastan ne ba shi da kyau, in mayar. Wani kuma ya ce in daina ɓarnar kuɗi, in dama omo da ruwa in zuba, birki zai yi ƙarfi, haka direbobi ke yi a hanya. Ni dai ba zan ɗora wa ƙanina kwanduna in sake shi a titin Zariya da birkin da sai an roƙe shi ba. Don Allah mastan ne, ko ni ne na yi kuskure a wajen aikin?

Baba Makaniki, Kaduna:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya yi maka albarka da ka ƙi bari a yanka motarsa.

Kada ka mayar da mastan nan. Da bakinka ka wanke shi: ka ce in ka riƙe feda minti guda ba ta sauka. Mastan da robar fistinsa ta mutu ba ya haka. A hankali yake sulalewa a ƙarƙashin ƙafarka har ƙasa, don mai yana kewaye robar yana komawa baya. Naka yana riƙewa. Abin da ke damunka iska ce, wataƙila kuma da tazarar layinin baya, wato takalmin birkin da ke matse duram, gangar da ke juyawa da tayar baya.

Ban ji ka ce ka fitar wa mastan iska kafin ka ɗaura shi ba, kuma ina zaton a nan gizo ke saƙar. Sabon masta busasshe yake zuwa, cikinsa ɗaki biyu ne, kowane cike da iska. In ka ɗaura shi haka ka hau famfa, iskar nan sai ta bi fayif, wata kuma ta maƙale a wani lungu ta ƙi fita ko za ka ƙarar da katan guda na mai. Ka sake ciro shi, aikin rabin awa ne. Ka ɗaure shi a bais, ƙarfen nan na kan tebur da ke matse abu, ta wajen kunnensa, kada ka matse jikin silindar. Ka sa robar mai a kansa ka cika. Ka samo guntayen tsofaffin fayif masu noti ka ɗaura a ramukan, ka lanƙwaso bakinsu su koma cikin robar, su nutse a cikin man. Sannan ka sa katako ko sukundireba mai kaurin baki ka riƙa tura fistin a hankali, kana saki a hankali. Za ka ga kumfa tana tasowa, da fari manya, daga baya ƙanana kamar na lemo. Ka ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da bayan sifana, ka ci gaba har kumfa ta ɗauke, ka ji fistin ya yi nauyi a hannunka. In ka mayar da shi kan mota, kafin ka ƙarasa ɗaure kowane fayif ka sa ƙaninka ya danna feda a hankali, mai ya ɗan tsattsafo ta bakin notin, ka ɗaure kafin ya saki. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka aje ruwa kusa, man birki ba ya ga maciji da fenti, ka riga ka gani a jikin sarbonka.

Maganar baya da ke ɗiga kuwa, ba ka san motar ba ne tukuna. Ka shiga ƙarƙashinta wajen aksul ɗin baya za ka ga wani bawul da fayif ɗin birki ya bi ta cikinsa, da ɗan ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa shi ne auna lodi. In mota ta ɗauki kaya ta zauna, sai ya buɗe wa birkin baya hanya. In babu kaya sai ya rage, don kada tayun baya su ƙulle mota ta juya da kai. Kai ka ɗaga jikin motar ka bar aksul yana reto, ka gaya masa ke nan babu ko kwando ɗaya a ciki, shi ya sa ya shaƙe hanyar. Ka sauke ta a kan tayunta, ko ka sa tokarin a ƙarƙashin aksul ɗin kansa. Kuma motar da ta shekara uku a tsaye, ka taɓa ƙarfen nan da hannu ka ga ko yana motsi, sau da yawa tsatsa ta riga ta kama shi.

A gaba ka ce ka buɗe noti ɗaya ɗaya. Ka koma ka duba da kyau. J5 ɗin da suka biyo ta hannuna, tiyo biyu ke shiga kowace kalifa, wato abin da ke matse faifan birkin tayar gaba, notin fitar da iskar ma ba ɗaya ba ne. Ka kankare taɓo ka ƙirga. Wanda ka bari, iskarsa tana nan tana jiranka.

Ga gwaji mai sauƙi da za ka yi yau tun kafin ka kwance komai. Ka ja birkin hannu har ya fara kamawa, sannan ka taka feda. In ta kama a sama fiye da yadda ta saba, to layinin baya ya yi nisa da duram, takunka na farko yana ƙarewa ne wajen tura shi ya isa. Wannan gyaran ajasta ne, abin da ke matso da layinin kusa da duram; bilidin, wato fitar da iska, ba zai yi maganinsa ba. Bambancinsu a ƙafa ake jinsa: iska tana sa feda ta yi laushi kamar soso, tazarar layinin kuwa feda za ta yi nisa amma in ta kama da tauri take kamawa.

Ka daina buɗe noti mai yana fantsama a ƙasa. Ka samo robar ƙarin ruwa a kemis, ka sa bakinta a notin, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai a gindinta, sai ka riƙa ganin kumfar da idonka. Kowane buɗi biyar ko shida ka tashi ka duba robar sama. In ta ƙafe ta zuƙi iska, aiki ya koma farko.

Direban Jos:

Ɗan'uwa, ni ba makaniki ba ne, amma maganar ruwan omon nan ce ta sa na kasa yin shiru. Don girman Allah kada ka yi.

Na taɓa saukowa Hawan Kibo da bas cike da mutane. Motar ba tawa ba ce, ban san yaron da ya ja ta kafin ni fayif ya tsage masa a hanya ya cika da ruwan sabulu ba. Tun daga Jos birki lafiya lau, har ma da tauri. Muna cikin gangara, na taka sau uku ko huɗu, a na gaba ƙafata ta tafi har ƙasa babu komai. Ba abin da ya fashe, ba abin da ya zuba. Giya na yi ta saukewa, ina jan birkin hannu kaɗan kaɗan, mata a baya suna salati, har Allah ya sa muka samu inda ƙasa ta ɗan miƙe na gangara gefe. Da muka huta kusan awa guda na taka, birki ya dawo kamar ba shi ba. Ruwan ne ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tura komai. Har yau in na biyo wurin sai na ji gabana ya faɗi.

Daga baya na karanta jikin kwalba na tambayi masana. Ruwa a digiri 100 yake tafasa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da 205, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana shan danshin iska da kansa, in ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba sai DOT 3 ya sauko wajen 140, DOT 4 wajen 155. Shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. Taka da ta ci damina uku a tsaye, duk abin da ya rage a cikin fayif ka kore shi har sai ka ga sabon mai fari tas yana fitowa ta kowane noti. Tunda lodi za ta ɗauka, ni da DOT 4 zan sa. Ka sayi mai hatimi a baki, wanda ba a taɓa buɗewa ba.

Ɗan Maradi:

Salamu alaikum. Mu ma nan muna da J5 da yawa, har da 'yan'uwanta Fiat Ducato da Citroën C25, duk masana'anta guda ta yi su a Italiya daga 1981, kayansu da yawa suna shiga juna. In ka rasa wani abu da sunan Peugeot ka tambaya da waɗannan sunayen.

Abin da Baba ya faɗa babu na yarwa. Zan ƙara abu guda da ya taɓa cin mini rana. Tsakanin sarbo da masta akwai ɗan sanda mai tura fistin. In sabon mastan ramin bayansa bai kai zurfin na tsohon ba, sandan zai riƙa danna fistin ko ba ka taka ba, ya toshe ɗan ramin da mai ke komawa roba. Da safe lafiya lau, ka yi tafiyar kilomita goma birki ya yi zafi, mai ya kumbura ya rasa hanyar komawa, sai mota ta riƙe kanta, tayu suna wari. In kuma ramin ya fi zurfi, feda za ta yi tafiyar banza kafin ta fara aiki. Tunda za ka sake ciro shi, ka auna zurfin na tsohon da na sabon da ashana ko ƙusa ka gani.

Kuma kada wani ya ba ka koren man nan na LHM wai ai motar Faransa ce. Na wasu Citroën ne masu nasu tsari daban, dangin man inji ne, in ya shiga naka duk robobin za su kumbura su lalace. Haka man giya da man sitiyari. DOT 5 ma ka bar shi, na silikon ne, ba ya haɗuwa da 3 da 4.

Sarbon da ya sha mai, ni da zan ba ka shawara da canza shi za ka yi gaba ɗaya.

Baba Makaniki, Kaduna:

Malam na Maradi, maganar sanda gaskiya ce, na manta da ita. Ta sarbo kuwa a gwada shi tukuna kafin yaro ya kashe kuɗin da ba shi da su. Ɗana, ka kashe inji ka famfa har feda ta yi tauri, ka riƙe, ka tayar da mota. In feda ta ɗan sauka a ƙarƙashin ƙafarka, yana aiki. Ka kashe injin ka jira minti biyu ka taka, in takun farko da laushi to yana riƙe iskarsa. In ka ji yana huci kamar maciji, ko inji yana rawa duk lokacin da ka taka, sai mu koma maganar Malam. Ka tsotse sauran man da ke ciki tas.

Ɗan Kura:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Ɗan'uwana na Jos, na karanta wa ƙanina labarinka da ƙarfi, ya yi shiru bai ce komai ba. Malam na Maradi, na gode ƙwarai. Na dawo in ba ku rahoto.

Tun a daren na yi gwajin birkin hannu, feda ta ɗago sosai. Da safe na cire duram ɗin baya biyun. Ajastan dama ya ƙame ƙam, sai da na jiƙa shi na wanke da burushin ƙarfe ya fara juyawa. Na hagu kuwa abin da na gani ya tayar mini da hankali. Daga waje a bushe yake, shi ya sa ranar farko na ce ba ya zuba. Da na ɗaga robar ƙurar da ke bakin silindar taya da farce, sai mai ya biyo yatsana, ja kamar tsatsa, layinin ɗin gefen ma ya jiƙe ya yi ƙyalli. Na canza silinda biyun da layinin duka, ban yarda in canza gefe ɗaya ba.

Masta na ciro shi na kai garejin wani abokina mai bais. Wallahi Baba kamar kana wurin. Turin farko wata ƙatuwar kumfa ta fashe a cikin robar, sannan ƙanana suka yi ta biyowa, na ƙirga turi ya fi ashirin kafin ta ɗauke. Na auna zurfin ramin da ƙusa kamar yadda Malam ya ce, ɗaya ne da na tsohon. Sarbo ya ci gwajinsa, feda ta sauka da na tayar da inji, babu huci.

Kalifa kuwa noti biyu biyu ne, na biyun taɓo ya rufe su ya bushe kamar siminti. Ɗaya ya ƙi kwancewa, na ji yana neman murɗewa, sai na ƙyale shi na jiƙa shi ya kwana, da asuba na ɗan bubbuga kansa ya saki. Iskar da ta fito daga nan ta fi ta ko'ina. Bawul ɗin lodi ma ƙarfensa a sandare yake, na yi ta wasa da shi da mai har ya saki jiki. Wannan karon a kan tayunta muka yi bilidin ɗin baya, na sa buhun taki huɗu a ciki, mai ya riƙa zuwa da ƙarfi har yana motsa robar ƙarin ruwan.

Ina neman abin da zan sa a ƙarƙashin feda don kada ƙanina ya riƙa kai ta har ƙasa, sai na laluba bayan kujerar direba na ciro wejin katakon da mahaifina yake tokare taya da shi in ya tsaya lodi. Gefensa ɗaya ya yi santsi saboda riƙo. Na daɗe a tsugune da shi a hannu kafin in iya ci gaba da aiki.

Yanzu taku ɗaya take kamawa, a sama, da tauri. Na kai ta hanyar burji ta bayan gari da buhunan a ciki, na taka a hankali, na taka da ƙarfi, ta tsaya a miƙe ba ta ja gefe ba. Na yi ta zagaye kusan rabin awa na sauko na taɓa tayu, babu wadda ta fi wata zafi. Da safen nan na duba robar mai, yana nan a kan layin da na zana da biro.

Abu ɗaya ya rage, shi ya sa ban hau kwalta ba. Da ƙanina ya taka da ƙarfi ina kallo, na ga ɗaya daga tiyon gaba na hagu yana ɗan kumbura a kusa da ƙarfen bakinsa, jikinsa kuma duk ya tsattsage. Ina so in canza duka huɗun na gaba da na baya a lokaci guda, na san sai na sake bilidin daga farko. Na samu biyu sababbi, sauran sai na hannu ake nuna mini, ni kuma na hannu ba na so a wannan wurin. Malam na Maradi, in na Ducato ko C25 suna shiga, ka taimaka ka gaya mini yadda zan tambaya. Gobe in Allah ya kai mu zan ciro tsohon in auna tsawonsa in sa hotonsa a nan.